Tafiyar Alu

Duk unguwar Goudel ta Yamai an san Ramlatu ba ta sauri. In ta fito daga gida za ta bakin gudron, wato titin kwalta, sai ka ce ƙirga takunta take yi, tana ɗaga ƙafa tana ajiyewa kamar wadda ke tsoron ta ji wa ƙasa ciwo. Tun tana lakol malamai suka yi faɗa suka gaji. Mijinta Moussa, direban taksi, mutum ne mai wutar ciki, shi kuwa tsokana ya mayar da abin: ya ce da Ramlatu ce ke jan motarsa, da fasinjan da ya hau a Saga lokacin dashe sai bayan girbin shinkafa zai iso cikin gari.

Duk wanda ya yi wannan magana a gaban uwarta, Inna Hamsatu mai sayar da salati, amsa ɗaya yake samu.

"Ku ƙyale ta. Tafiyar ubanta ce."

Shekara arba'in da huɗu ke nan tana faɗin haka. Uban, Alu, masunci ne da ya hauro daga Gaya da jirginsa da amaryarsa, zazzaɓi ya ɗauke shi saura wata biyu a haifi Ramlatu. Bai bar hoto ba, bai bar gona ba, jirgin ma ƴan'uwansa sun zo sun tafi da shi. Abin da Hamsatu ta iya ba ɗiyarta daga wurinsa shi ne wannan magana ɗaya: ubanki mutum ne mai natsuwa, bai taɓa yin gudu ba ko hadari ya taso, kuma tafiyarsa ce a ƙafarki. Da ita Ramlatu ta girma, in an tsokane ta sai ta yi murmushi kawai.

Wata ranar Laraba da hantsi Hamsatu tana wanke salati a ƙofar gida, sai ga wani dattijo mai farin gilashi ya yi sallama, yana tambayar gidan iyalin Alu Basarke. Hausarsa ta ƴan Yamai ce, da ɗan Zabarmanci a gefenta. Ya ce sunansa Sumana, tsohon malamin makaranta ne. Lokacin da yake ɗalibi a jami'a, can Lamorde, ya taɓa aro kamara ya zo bakin gulbi ya ɗauki masunta. Kwanan baya yana gyaran akwati ya tsinci faifan fim ɗin, ya kai wa masu bidiyon biki suka juye masa a kile, ɗan abin nan da ake sokawa a tele.

"Minti biyu ne da ɗan wani abu, kuma babu murya," in ji shi. "Amma mai gidanki yana ciki. Na ga bai kamata in mutu da shi a akwati ba."

Hamsatu ta share hannu a zane ta karɓa. Abin bai kai ɗan yatsa ba. Ta yi godiya har ta rasa abin faɗa, sai ta cika masa leda da salati da tumatir, ya ce a'a, ta ce wallahi sai ya ɗauka.

Aka jira Moussa ya dawo bayan la'asar, don tele tasa ce kuma ba mai taɓa ta in ba ya nan. Sabuwa ce, faɗinta ya kusa ƙofar shago, kuma ba baƙon da zai shigo gidan bai ji labarinta ba. Abin da ya fi alfahari da shi, wai tana da wani abu a ciki mai sa motsi ya yi santsi, in ana ƙwallo kamar kana cikin fili. Aka shimfiɗa tabarma, jikoki uku suka zauna a gaba, Ramlatu ta saka sabon kallabi kamar mai zuwa gaisuwa. Hamsatu ta zauna daga bakin ƙofa, nesa da surukin nata yadda ya kamata.

Gulbi ya fito, ja-ja, da jirage uku. Sai ga shi a tsaye a goshin jirgi da birgi a kafaɗa, ragar nan da ake jefawa ta buɗe kamar faifai. Shi ne. Wuyansa ne, ga tsagen nan a kumatu, ga rigar da ita ta ɗinke wa aljihu. Hamsatu ta dafe bakinta.

Sai ya motsa, kuma nan ne abin ya lalace. Ya wurga birgin firgigit, ragar ta narke a iska kamar mai, ya janyo ta hannu bibbiyu kamar wanda ake kora. Jirgi bai gama taɓa gaɓa ba ya diro, ya kama hanya tiƙis-tiƙis, kafaɗu na rawa, ƙafafu na harɗewa, sak ɗan kamanci a wasan ban dariya.

Ƙaramar jikar ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Moussa ya yi tari ya duƙar da kai, amma kafaɗarsa ta tona shi. Ramlatu ba ta yi dariya ba. Ta juyo ta dubi uwarta, ta ce a hankali:

"Inna, shi ne wannan?"

Hamsatu ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta, alhali ko murhu ba a hura ba. Ba ta tsaya ganin sauran ba.

Kwana uku ba wanda ya ta da zancen. Moussa ma ya daina tsokanar matarsa da maganar tafiya, kuma wannan ne ya fi yi wa Hamsatu ciwo, don ta gane tausayi ne. Rana ta uku ta hango Ramlatu ta nufi famfo tana ƙoƙarin ɗaga ƙafa da sauri, abin bai yi mata kyau ba ko kaɗan, kamar mai takalmin aro. Hamsatu ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado. Ita ba ta taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba. To amma shekara ɗaya da rabi kawai ta zauna da mutumin, ta yi arba'in da huɗu tana tuna shi. Wa ya sani ko ita ce ta yi ta rage masa gudu a zuciyarta, shekara bayan shekara, don ta samu abin da za ta ba marainiya? Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, cewa tsufa ya shiga kanta ya gyara mata miji ba ta sani ba.

Washegari ta ɗaure kile a bakin zane ta hau taksi ta haye gada zuwa Lamorde, ta nemi gidan Sumana. Ya saurare ta ya ce shi ma ya ga kamar mutanen suna rawar jiki, amma ya ɗauka haka tsofaffin finafinai suke. Ya ce akwai wanda zai sani, ya raka ta shagon Malam Yakuba.

Yakuba tsoho ne siriri mai kaifin baki. Shekara ashirin ya yi yana haska fim a gidan silima na fili, lokacin da Yamai ke da su, da aka rufe ya koma gyaran tele, da tsufansa kuma ya koyi ordinata, wato kwamfuta, don kada yara su raina shi. Shagon cike yake da gawarwakin tele har rufi. Ya saka kile a ordinata, ya kalli rabin minti, ya yi tsaki.

"Wa ya juye wannan?"

Sumana ya faɗa masa.

"Masu bidiyon biki. To ai shi ke nan. Su duk abin da aka ba su amarya ce."

Ya janyo wani tsohon faifai daga ƙarƙashin tebur, ya warware kamu guda ya ɗaga wa Hamsatu a hasken ƙofa. Ta ga ƴan hotuna a jere, kowane kamar ɗan'uwansa.

"Hajiya, babu abin da ke motsi a fim. Hotuna ne tsayayyu, ana wuce da su da sauri, ido ya ɗauka tafiya ce. Kamara tana ɗaukar adadi kaza a daƙiƙa guda, wato kafin ki ce bismillahi. In an zo nunawa dole a nuna adadin nan daidai. In aka nuna fiye, mutum ya yi gudun da bai yi ba. Tele ta ƙasar nan hoto ashirin da biyar take ci a daƙiƙa, su kuma yaran nan sun zuba mata haka nan ba su tambayi kowa ba."

Hamsatu ta ji wani sanyi ya sauko mata. "Ashe inji ne."

"Ban ce ba tukuna." Ya ajiye faifan. "Irin kamarar nan gudu biyu gare ta, sha takwas da ashirin da huɗu. In a sha takwas aka ɗauka, to inji ne ya kore shi, gaskiyarki. In kuwa a ashirin da huɗu ne, tsakaninsa da ashirin da biyar ba wani abu ba ne, abin da kika gani haka mutumin yake. Malam Sumana, a nawa ka ɗauka?"

Sumana ya cire gilashi ya goge. Ya ce shi dai an nuna masa inda zai danna ne ya danna. Kwalin faifan ma gara ta cinye shi tuni.

"Ɗalibai," in ji Yakuba. Ya juyo wurin Hamsatu. "Zan iya rage masa gudu yanzun nan, ya yi miki tafiyar hawainiya in kina so. Ki faɗa mini inda zan tsaya."

Ta daɗe tana duban ƙasa. Abin da ta zo nema ke nan, ga shi an miƙo mata a sauƙaƙe. Amma in ita ce ta zaɓa, me ta kai wa yarinyar nan? Maganarta ce dai ta dā, an saka mata hoto.

"A'a, Malam. Ni ce ake tuhuma, ba zan zama alƙali ba."

Yakuba ya dube ta ta saman gilashi, kuma daga nan ya sauke murya. Ya ce to sai a nemi wani abu a cikin fim ɗin wanda gudunsa ba ya canzawa. Mutum yana sauri yana nawa, filafilin jirgi ma haka. Ya ci gaba da kunna fim ɗin yana gunaguni, ya wuce inda Hamsatu ta tashi ran nan. Hoto ya juya ya bar gulbi, ya dawo kan tudu. Ga wata yarinya da ciki ya fara fitowa, ta ba ruwa baya, tana daka a gindin mangwaro. Can nesa a bayanta Alu ya hauro da kwandon kifi.

Hamsatu ta matso da kujera. Ta san zanen nan. Ba ta taɓa sanin an ɗauke ta ba.

Yarinyar cikin hoton ta cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu, ta cafe, ta ci gaba da daka.

Yakuba ya tsayar da fim ɗin cak. Ya mayar baya, ya bi shi hoto ɗaya-ɗaya yana ƙirgawa da yatsa a kan gilashin ordinata.

"Tara. Hoto tara taɓaryar nan tana iska." Ya jingina da kujera, fuskarsa ta saki. "Hajiya, kina da turmi a gida?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Abin da aka cilla sama, ba ruwansa da halin mai cillawa. In ya kai tsayi kaza, lokacin da zai ɗauka ya dawo ɗaya ne, jiya da yau da shekara arba'in. A cilla taɓarya ta kai inda waccan ta kai, mu saka fim a gefe, mu ga a wane gudu za su sauko tare."

Ranar Asabar da safe Moussa da kansa ya je ya ɗauko Yakuba da ordinatarsa. Aka fito da tele tsakar gida ƙarƙashin rumfa, abin da Moussa bai taɓa yarda da shi ba, yana ta zagaye ta yana kore kaji. Aka mirgino turmi, aka zuba gero tiya guda don kada a daki turmi wofi. Hamsatu ta kori jikoki gidan maƙwabta, ta ce wanda ya leƙo zai gamu da ita.

Yakuba ya tsayar da hoton a inda taɓarya ta fi nisa, ya auna da tsinke: gindinta ya kai daidai goshin mai daka. Ya ce haka ake so.

Ramlatu ce ta fara gwadawa, don kafaɗar uwar ta daɗe tana ciwo. Kaico, ɗiyan birni, injin niƙa ya lalata su. Ta cilla taɓarya ta karkace ta nufi randa, da ƙyar Moussa ya tare. Ta sake, ta manta tafi. Hamsatu ta kasa daurewa.

"Ke, ba ni nan. Kin tashi kashe mana baƙo."

Ta gyara ɗaurin zane, ta tofa a tafin hannu, ta kama taɓarya. Bugu na farko kafaɗar ta yi ƙara. Na biyu, na uku, sai jiki ya tuna abinsa. Ta cilla, ta tafa sau biyu, ta cafe. Yakuba ya ce ta ɗan ƙara, bai kai goshi ba. Ta ƙara. Ya ce yauwa, nan.

"Za mu fara da ashirin da huɗu," in ji shi. "Ki dubi yarinyar can, ki bi hannunta, in ta saki ki saki."

Hamsatu ta tsaya gefen tele tana daka tare da kanta ta shekara sha tara. Da ƙyar take bin ta, numfashi na fita sama-sama. Yarinyar ta saki, ita ma ta saki. Ta cikin tele ta riga ta cafe har ta kai bugu, ta Hamsatu tana iska tukuna. Aka sake sau uku, duk haka.

Yakuba ya taɓa ordinata, ya mayar da fim baya.

"Sha takwas."

Wannan karon dakan ya zauna mata a hannu tun bugun farko, ba ta bin kowa, kamar lugude da ƙawa. Suka saki tare. Taɓarya biyu suka tashi, suka ɗan tsaya a goshi, tafi biyu, suka faɗo cikin hannu lokaci ɗaya. Moussa, da ya tsuguna yana kallon ta nan da ta can, ya ce, "Wallahi tare." Aka sake har sau huɗu don kada a ce sa'a ce, ba ta kuskure ba ko sau ɗaya.

"Tara sau biyu sha takwas, rabin daƙiƙa ke nan," in ji Yakuba. "Inji ne ya kore shi, Hajiya. Ki zauna ki huta."

Aka juye geron aka kife turmi, ta zauna a kai, ba ta yarda ta dubi kowa ba.

Yakuba ya mayar da fim farko. Kafin ya kunna ya karɓi telekomand, abin sarrafa tele daga nesa, daga hannun Moussa ya shiga laluben cikin tele, ya kashe wani abu. Da hoton ya tashi, jirgin yana tafiya a natse amma da ɗan tsalle-tsalle ƙanana, kamar keken ɗinki. Moussa ya yi gyaran murya.

"Baba, ai ka kashe mai santsin. A mayar da shi, ka ga yana ɗan karkarwa."

"Na gani." Yakuba ya tsayar da fim. "Telen nan taka sau hamsin take sabunta hoto a daƙiƙa, mu kuma sha takwas gare mu. Hamsin ba ta rabuwa da sha takwas daidai, sai wani hoton ya tsaya sau uku, wani sau biyu. Karkarwar ke nan. Abin da kake kira mai santsi, in ya ga hoto biyu sai ya zana na tsakiyarsu da ka, ya cusa. A ƙwallo ba laifi. Amma na tsakiyan nan ba wanda ya ɗauke su a bakin gulbi, tele ce ta ƙaga. Shi ya sa ran nan birgin ya narke muku." Ya juya. "Hajiya, ke za ki faɗa. Da santsi ko da karkarwa?"

Hamsatu ba ta saba magana a kan kayan surukinta ba, amma yau ta yi.

"A bar shi da karkarwarsa. Ɗan abin da aka samu, a ba mu shi yadda yake."

Aka kunna. Alu ya tsaya a goshin jirgi yana duban ruwa, ya daɗe, har ka ce ya manta abin da ya kawo shi. Sannan ya juya ƙugu ya saki birgi, ragar ta buɗe zagaye guda, kowace dalma a wurinta, ta kwanta a kan ruwa. Ya janyo ta hannu bayan hannu. Jirgi ya taɓa gaɓa, ya jira ya tsaya sosai, ya sauko da ƙafa ɗaya, ya sauko da ɗayar, ya ɗora kwando a kafaɗa. Ya kama hanyar tudu yana ɗaga ƙafa yana ajiyewa, kai a ɗan karkace hagu, hannun dama na lilo a baya.

Moussa ya dubi tele, ya dubi matarsa, ya sake duban tele, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ramlatu ta ja kallabi ta rufe fuska, ta bar idanu kawai, hawaye na bin yatsunta. Hamsatu ta ji daɗi irin wanda ba ta ji ba tun ranar da ta haife ta. Ta buɗe baki za ta faɗi maganar nan tata ta kullum, sai ta ga ba sauran buƙata.

Hoto ya juya kan tudu. Ga yarinya tana daka ta ba ruwa baya, ga Alu can yana haurowa a hankali. Taɓarya ta tashi, tafi biyu, ta dawo. Nan ne kullum ake tsayarwa, yau Yakuba ya bar shi ya wuce.

Alu ya kai wajen wani kwalekwale da aka kife, ya ɗaga kai, ya hango mai daka. Sai ƙafarsa ta canza. Ya gyara kwando, ya buɗe taku, ya ƙara, har ƴan takun ƙarshe sai da ya haɗa da ɗan gudu, kifi na tsalle a kwando. Da ya rage kamar taku biyar ya iso bayanta sai ya ja birki, ya sauke numfashi, ya daidaita riga, ya ƙaraso a natse da tafiyarsa ta kullum. Yarinyar ta juyo ta gan shi. Hoto ya yi fari, faifai ya ƙare.

Hamsatu ta miƙe tsaye.

"Malam, injinka ya sake ƙwacewa."

Yakuba ya mayar baya ya sake kunnawa, ya sa yatsa a kan taɓaryar.

"Dubi nan, Hajiya, kada ki dube shi. Dakan ya canza?"

Ta duba. Taɓarya na hawa tana sauka yadda take, bugu bayan bugu, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. A bayanta mutumin da bai taɓa gudu ba ko hadari ya taso yana gudu.

"Ba inji ba ne wannan," in ji Yakuba. "Shi ne."

Ta koma ta zauna a kan turmi. Shekara ɗaya da rabi, kullum a gindin mangwaron nan take daka, kullum ta ba ruwa baya saboda hasken rana, kullum in ta juyo sai ta gan shi yana isowa a hankali kamar ba abin da ya dame shi. Har haushi takan ji a ranta, ta ce mutumin nan ko ɗokin gida ba ya yi.

Ramlatu ta matso ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, da ɗan murmushi.

"Inna, kin ce bai taɓa sauri ba."

"Ban taɓa gani ba," in ji Hamsatu. "Bayana yake yi."

Ta goge ido da bakin zane, ta gyara zama ta fuskanci tele sosai.

"Malam Yakuba, mayar mini daga wurin kwalekwalen nan."